Fitilar babur ta ɗauke: bi sawun wutar kafin ka sayi komai

Wata damina da ta wuce ina dawowa daga Kumo bayan isha'i, na ja totur zan wuce wata tirela, sai fitilar mashin ɗina ta yi wani haske fari fat kamar walƙiya, ta ɗauke ɗif. Da tocilan ɗin waya a baki na lallaɓo har cikin Gombe, duk motar da ta taho sai in sauka gefen titi in tsaya. Washegari na sayi sabon ƙwai na saka. Kwana biyu ya ƙone. Na sayi na uku, shi ma bai yi mako ba. Har na je na yi wa mai shagon kayan babura faɗa, wai jabu yake sayar min. Sai wani dattijo mai wayarin a wajen Jekadafari ya tambaye ni, "Malam, ƙwai nawa ka saka?" Na ce, "Uku, Baba." Ya ce, "To ai ruwa ba ya tsami banza. Kana ta binne gawa, ba ka nemi wanda ke kisan ba."

Abin da ya gano a mashin ɗin zan faɗa in mun iso wurin. Amma tun daga ranar na daina sayen kayan wuta sai na gwada. Wutar fitila hanya ɗaya take bi: ta taso daga kwayil ko batir, ta ratsa makunni, ta shiga ƙwai, ta koma ta jikin mashin. In fitila ta ƙi kamawa, a wani wuri ne hanyar ta yanke, aikinka kawai ka gano wurin.

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba mai baki biyu, filaya, sifana lamba 8 da lamba 10, samfefa mai laushi, salatif na wuta, sai mita. Ƙaramar mitar nan mai allo da masu gyaran rediyo ke amfani da ita ta isa. In babu mita, ka haɗa testa da kanka: ƙwan sigina mai volt 12, ka ɗaura masa waya biyu, ɗaya a gindinsa ɗaya a jikinsa. Wannan testar ma wani lokaci ta fi mita faɗin gaskiya, domin mita tana iya nuna maka volt 12 a wayar da sili ɗaya ya rage mata, alhali ƙwai ba zai kama da ita ba.

Ka kafa mashin a kan babban jak, giya a firi. In za ka tayar da inji, a fili za ka yi, ba cikin zaure ko shago a rufe ba, saboda hayaƙin salansa. Duk lokacin da za ka yanke waya ko ka kwance makunni, ka fara cire kan batir na negatif. Kada kuma ka yi gwajin nan na goga waya a jikin ƙarfe don ganin tartsatsi, musamman kusa da kafireto.

Da farko: daga ina fitilarka ke cin wuta?

Wannan tambayar ce ke raba hanya, kuma ita ce mutane ke tsallakewa. Murɗa makulli, kada ka tayar da inji, ka kunna fitila. A mashin mai lafiya, in ta kama, to daga batir take ci, wutar DC ke nan. In sai inji ya tashi take kamawa, tana dusashewa a sulo tana ƙaruwa in ka ja totur, to kai tsaye daga kwayil ɗin maganeto, wato ɗan janaretan da ke jikin inji, take ci, wutar AC ke nan. Yawancin ƙananan baburan da 'yan acaɓa ke hawa a nan, irin su tsofaffin Boxer da Jincheng da danginsu, na biyun ne. Tunda yanzu fitilar taka a mace take, ka tuna yadda take yi kafin ta mutu.

Amfanin sanin wannan shi ne: a mashin mai AC, batir da fis ba su da hannu a mutuwar fitilar gaba. Na sha ganin mutum ya sayi sabon batir don fitilarsa ba ta haske, ya saka, babu abin da ya canza. A mai DC kuwa, batir da fis su ne farkon waɗanda za ka tuhuma.

Sai ka duba abin da ya mutu da abin da ya rage. In dim ne kaɗai ya mutu ful na kamawa, ko akasin haka, kusan kullum ƙwai ne ko makunnin dim da ful. In duka biyun sun mutu amma danja ta baya da fitilar agogon gudu suna ci, wuta na tasowa, matsalar tana gaba: ƙwai, soket, ko wayar bodi, wato wadda ke mayar da wuta jikin mashin. In gaba da baya duk sun ɗauke tare, ka koma baya wajen babban makunni, fis, ko kwayil. In kuma fitilar tana ƙiftawa in ka faɗa rami ko ka karya kan mashin, babu abin da ya ƙone, wata waya ce ke sakin jiki.

Ƙwai da gidansa

Kwance sukurorin da ke riƙe da gilashin fitila, ka janyo shi a hankali don wayoyin gajeru ne. In ba a daɗe da kashe ta ba ka jira ƙwan ya huce. Ƙwan gaba zare biyu gare shi a ciki, ɗaya na dim ɗaya na ful, kuma a yawancin waɗannan babura za ka ga an rubuta 12V 35/35W a jikinsa. Ɗaga shi sama ka duba a haske. Zaren da ya tsinke yana bayyana, haka ma gilashin da ya yi baƙi ko fari kamar hayaƙi. Sai dai ido na yaudara: zare na iya tsinkewa ya kwanta a wurinsa kamar lafiyayye. Ka ɗan ƙyasta gilashin da farce ka ga ko zai yi rawa. Mafi tabbaci, ka ɗora jikin ƙwan a negatif na batir, ka taɓa kowane ɗigo na gindinsa da wayar fozitif. Kowanne ya kamata ya kama.

In ƙwan halojin ne, kada ka riƙe gilashinsa da yatsa. Maiƙon hannu na sa wurin ya yi zafi fiye da kima, ƙwan ya mutu da wuri. Da ƙyalle mai tsabta ake kama shi.

In ƙwai lafiya yake, leƙa cikin soket. Akwai 'yan ƙarafa biyu masu sifirin da ke tokare gindin ƙwai. Girgizar hanya na cinye dalmar gindin ƙwan har ta yi rami, zafi kuma na kashe sifirin. Ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina, ga masu wankin mota da ke harba ruwa kai tsaye cikin fitila. Duk inda ka ga kore-kore ko baƙi-baƙi, ka goge da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗan ɗago ƙarafan da bakin sukudireba. In robar soket ta narke ko ta yi ƙauri, kada ka wahalar da kanka, canza shi. Amma ka sani soket ba ya narkewa haka kawai, ko dai haɗuwar ba ta matse ba, ko an saka ƙwan da ya fi ƙarfinsa.

Yanzu ka tayar da inji, ka kunna fitila, ka ɗora waya ɗaya ta testa a ƙarfen inji, ɗayar a kan ƙarfen soket na dim. Canza zuwa ful, ka gwada ɗayan. In da mita kake aiki, ka juya ta zuwa ACV ga mai AC, DCV 20 ga mai DC. Testa ta kama a duka biyun, amma ƙwan gaba ya ƙi? To wuta na zuwa, hanyar komawa ce babu.

Wayar bodi

A nan zan ɗan daɗe, domin a nawa ganin babu wayar da ake rainawa kamarta, kuma babu wadda ta kai ta jawo asarar kuɗi. Wutar da ta shiga ƙwai dole ta koma ta firam ɗin mashin. Wayar da ke mayar da ita ana ɗaure ta ne da noti a jikin ƙarfe, yawanci ƙarƙashin tanki kusa da kwayil ɗin fulogi, ko gefen batir. A Honda da yawancin baburan China da suka kwaikwaye ta, koriya ce, ful shuɗiya, dim fara, wayar kwayil ɗin fitila kuma rawaya. A Bajaj galibi baƙa ce mai ratsin rawaya. Sai dai mashin ɗin da ya yi shekaru yana acaɓa, hannu goma ya taɓa wayarinsa, kada ka amince da launi, ka gwada.

Alamomin lalacewarta suna da ban dariya. Fitila ta yi ja kamar aci-bal-bal. Ka taka birki, fitilar gaba ta dusashe. Ka kunna sigina, danja ta riƙa ƙiftawa tare da ita. Ka sa dim, ɗigon shuɗin nan na ful da ke kan agogo ya ɗan kama. Duk wuta ce ta rasa hanyarta take kutsawa ta cikin sauran ƙwayayen.

Gwajin ba shi da wuya. Samu waya mai kauri kamar kamu biyu, ka ɗaura bakinta ɗaya a notin inji, ka taɓa ɗayan a jikin ƙarfen ƙwan fitila tana kunne. In haske ya tashi nan take, ka kama ɓarawon. Mai mita kuma ya ɗora baƙar waya a negatif na batir, ja a jikin soket, fitila na ci. A mai DC, in ya ga fiye da 0.2 ko 0.3 na volt, hanyar komawar ta yi tsatsa. Gyaran shi ne ka kwance notin, ka kankare tsatsa da fenti har farin ƙarfe ya fito, ka goge kan wayar, ka ɗaure tamau, sannan ka shafa ɗan giris a sama don ruwa. Wanda ya kai mashin aka yi wa firam sabon fenti, daga nan fitila ta fara shirme, ya fara dubawa nan.

In wuta ba ta iso soket ba

Ga mai DC, buɗe murfin gefe ka duba fis da ke kan jar wayar batir. Yawanci 10A ne ko 15A. Ka duba gidansa ma, don sau da yawa fis ɗin lafiya lau, ƙarafan da ke riƙe shi ne suka yi tsatsa ko suka buɗe. In ya ƙone, ka saka mai lamba ɗaya da shi. In sabon ya sake ƙonewa da ka kunna fitila, wata waya ce ta fige tana taɓa ƙarfe. Masu naɗe fis da takardar kwalin sigari ko silin waya, gyaran gangar Abzinawa suke yi. Fis an yi shi ne don ya mutu a madadin wayarin, in ka hana shi mutuwa, wayoyin da ke ƙarƙashin tankin fetur ne za su yi zafi. Ka auna batir kuma: cikakke yana nuna 12.6 ko sama kaɗan in inji a kashe yake, in ya sauka ƙasa da 12 ya yi rauni.

Daga nan sai makunni. Kwance sukurori biyu na ƙasan gidan makunnin da ke hannu, ka raba shi a hankali a kan tire ko farin ƙyalle, domin akwai ɗan sifirin da ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar gero a ciki, in suka faɗa yashin Gombe sai dai haƙuri. Gwada da testa: akwai wayar da ke kawo wuta, akwai masu fita da ita. Wuta ta shigo amma ba ta fita, makunnin ne. Abin da za ka tarar yawanci ƙura ce ta haɗu da maiƙo ta zama kamar kwalli a kan jan ƙarfen, ko dalmar wata waya ta saki. Goge, like da dalma, mayar. Mashin da ke da makunnin kunnawa a dama, na dim da ful a hagu, ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Makunni lafiya, wuta kuma ba ta kai ba? Duba wuyan mashin. Duk wayoyin gaba ta nan suke ratsawa, kullum ana karya kai dama da hagu, tagullar ciki na karyewa alhali robar waje lafiya ƙalau. Kunna fitila, ka riƙa juya kan mashin har ƙarshe ta kowane gefe, kana lanƙwasa kuntun wayoyin da hannu. Inda fitila ta ƙifta, nan ne. Ja kowace waya a hankali, wadda ta miƙe kamar roba ita ce ta karye a ciki. Kada ka haɗa ta a daidai wurin lanƙwasar, ka yanke tsawon taƙi guda ka sa sabuwa, haɗin ya faɗa inda ba ya motsi. Murɗe waya da yatsa a naɗe da leda ba gyara ba ne, a like da dalma a rufe da salatif na wuta. Ka leƙa ƙarƙashin tanki da kujera ma, inda waya ke goga da ƙarfe, da kuma wurin da aka yanka aka jona rediyo, cajar waya ko fitilun ado. Mashin da ke kwana inda ake ajiye hatsi, ɓera ma na yin nasa aikin.

Kwayil da raktifaya

In gaba da baya duk babu wuta a mai AC, kuma makunni ba ya samun komai, sai a gangara wajen inji. Wayoyin maganeto suna fitowa ta gefen hagu, kusa da ƙaramin sifaket, su hau su shiga wani soket. Sau da yawa sarƙa ce ta cinye su, ko soket ɗin ya cika da baƙin mai. Zare soket ɗin ɓangaren fitila, ka sa mita a ACV 200, waya ɗaya a wayar kwayil ɗin fitila, ɗaya a jikin inji. A sulo za ka ga volt goma sha wani abu, in ka ja totur ya haura sosai, har ya ninka ko fiye, tunda babu mai tare shi. In mita ba ta motsa ba ko ta tsaya a biyu zuwa uku, kwayil ya ƙone ko wayarsa ta tsinke a ciki. Cire maganeto na bukatar abin janye shi na musamman. Masu dukansa da guduma suna raunana maganaɗisun ko su lanƙwasa bakin karanshaf, don haka in ba ka da abin, wannan aikin na bakanike ne.

Mai tare wutar nan shi ne raktifaya, wasu na ce masa caja: ɗan ƙarfe mai tsaga-tsaga da waya huɗu ko biyar, a ɗaure a firam. Aiki biyu yake yi, yana mayar da AC zuwa DC don cajin batir, yana kuma danne wuta kada ta wuce kima. Ka auna batir inji na gudu a matsakaici: tsakanin 13.5 da 14.5 lafiya ne. Ya tsaya a 12, ba ya caji. Ya haura 15, yana dafa batir. Ka auna a soket ɗin fitila ma kana jan totur a hankali, ya kamata ya tsaya wajen 13 zuwa 14 da ɗoriya, kada ya ci gaba da hawa.

Abin da dattijon nan ya yi ke nan. Ya ce wa yaronsa, "Kai, ja mata wuta." Ina kallon mita tana hawa, 15, 17, har 19. Na riga na sa hannu a aljihu zan ba da kuɗin sabon raktifaya, sai ya ce in dakata. Ya zare soket ɗinsa, ya nuna min ƙafar wayar bodi ta yi kore shar, ruwa ya kwanta a ciki. Raktifaya ta bodi yake zubar da rarar wuta, in wannan hanyar ta toshe, rarar kan ƙwai take faɗawa. Ya kankare, ya matse bakin da filaya, ya mayar. Mita ta tsaya a 14 ba ta ƙara motsi ba. Ƙwan zare ba ya jure ƙarin wuta ko kaɗan: ƙarin kashi 5 cikin ɗari yana rage rabin kwanansa, balle irin nawa. Saboda haka in ƙwayaye na ƙonewa a jere, musamman in na baya da na agogo na mutuwa tare da na gaba, kada ka saka wani sai ka auna. In bodin raktifaya da soket ɗinsa lafiya suke wuta kuma na hawa, to shi ne ya mutu. Ka tafi da tsohon a hannu, domin masu waya huɗu ba duka ne tsarin ƙafafunsu ɗaya ba.

Fitila na ci amma ba ta gani

Raguwar kashi 10 cikin ɗari na wuta tana cinye kusan kashi 30 na haske, shi ya sa ɗan tsatsa a makunni da ɗan tsatsa a bodi suke haɗuwa su mayar da fitila kamar kyandir. Ka bi duk haɗe-haɗen da muka ambata tukuna. Sannan ka duba madubin da ke bayan ƙwai, in azurfarsa ta ɓare ko ruwa ya shiga ya yi duhu, babu ƙwan da zai yi haske a ciki, kuma ba a goge shi da samfefa, canzawa ake yi.

Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su saka babban ƙwai mai wat 55 ko 60. Lissafin ba ya ɓoye: wat 35 a volt 12 yana jan kusan amfiya 3, wat 60 yana jan 5. Kwayil ɗin ƙaramin mashin ba a yi shi don haka ba, sai ka ga babban ƙwan ya fi ƙaramin dusashewa a sulo, soket ya narke, makunni ya yi zafi.

Ƙwan LED kuwa yana da kyau, yana cin wuta kaɗan, amma DC yake so. In ka saka shi a mashin mai AC zai riƙa ƙiftawa a sulo ko ya mutu da wuri, sai dai wanda aka rubuta AC/DC a kwalinsa. In za a mayar da fitilar kan batir, a ɗauko wutar daga bayan makulli, a sa mata fis nata, a kuma tabbatar cajin mashin ɗin zai iya riƙe ta, in ba haka ba kullum da safe kik za ka yi ta bugawa. Ni dai ina da ƙorafi a kan masu ɗaura farar fitilar nan mai kashe ido suna ɗaga ta sama. A hanyar Bajoga, direban tirelar siminti da ka makantar kai zai nufo, ba wani ba.

Saiti shi ne aikin ƙarshe. Da dare ka tsayar da mashin a wuri mai lebur, mita 5 daga bango, ka zauna a kai kamar za ka tafi. Wani ya auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ya yi alama a bango da gawayi a daidai wannan tsayin. Kunna dim. Saman hasken ya tsaya ƙasa da alamar da kamar santimita 5, faɗin yatsu uku ke nan. Sassauta notocin gefen fitila ko sukurun da ke ƙarƙashinta, ka daidaita, ka ɗaure. In yawanci da fasinja ko buhu kake tafiya, ka sa mutum ya hau baya kafin ka auna, don nauyin baya na ɗaga kan mashin.